Zumunta a ƙafa take: masu kai wa tsofaffi da majinyata abinci har ɗaki

Yau fiye da shekara 80 ke nan da wasu mata a ƙasar Ingila suka fara ɗaukar dafaffen abinci suna bi gida-gida suna kai wa tsofaffin da ba su iya fita. Aikin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma waɗanda suka daɗe cikinsa sun gano cewa sallamar da mai kai kwano yake yi a bakin ƙofa tana tsare rai kamar yadda abincin kansa yake tsarewa. A garuruwan Nijar, inda aka gaji ciyayya kaka da kakanni, akwai tsofaffin da kwanon maƙwabta ya daina isa gare su.

Sa'a guda tsakanin hantsi da azahar

Kowace ranar aiki, da hantsi ya ɗaga, a dubban garuruwa na Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya, akan ga wasu mutane sun taru a ƙofar wani babban madafi. Cikinsu akwai tsofaffin ma'aikata waɗanda suka ajiye aiki, da matan aure, da ɗalibai, har da ma'aikatan da suka ware sa'a guda daga hutunsu na rana. Babu mai karɓar albashi cikinsu. Akan miƙa wa kowane jaka mai riƙe zafi wadda aka jera kwanoni a ciki, tare da takarda mai ɗauke da sunayen mutane kamar goma da kwatancen gidajensu. Gaban kowane suna an rubuta abin da ya kamata mai kaiwa ya sani: wannan ba ta ji sosai, sai an ƙwanƙwasa da ƙarfi, wannan yana da ciwon suga, kwanonsa daban yake, wannan da sanda take tafiya, a yi haƙuri a jira ta.

Waɗanda ake kai wa abincin mutane ne da tsufa ko ciwo ko naƙasa ta tsare a ɗaki. Ba su iya zuwa kasuwa, wasu ma ba su iya tsayuwa gaban murhu, kuma babu wani a gidan da zai yi musu. Da yawa cikinsu, daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana, ba su ganin fuskar kowa in ba ta mai kawo kwanon nan ba. Dalili ke nan da ya sa ƙungiyoyi masu yawa suka kafa doka guda wadda ba a ƙetarewa: ba a ajiye abinci a bakin ƙofa a juya. Sai an ga mutum ido da ido, an gaisa, an miƙa masa hannu da hannu. In aka yi ta sallama aka ji shiru, mai kaiwa zai buga waya ga shugaban aikin, shi kuma ya nemi dangin da aka rubuta sunansu, in abin ya faskara a kira masu agajin gaggawa. Ta wannan hanya an sha tarar da tsoho ya faɗi a makewayi tun dare ya kasa tashi, aka ceci ransa.

Da Ingilishi ana kiran wannan aiki Meals on Wheels, wato abincin da ke tafiya bisa taya. A Faransa kuwa sunansa portage de repas à domicile, kuma galibi ma'aikatun magadan gari ne ke riƙe da shi.

Asalinsa yaƙi ne

A shekara ta 1938, da alamun yaƙi suka bayyana a Turai, gwamnatin Ingila ta nemi wata mata mai suna Stella Isaacs, wadda aka fi sani da Lady Reading, ta kafa ƙungiyar mata ƴan sa-kai domin taimakon farar hula in an kawo hari ta sama. Ƙungiyar, wadda ake taƙaita sunanta da WVS, ta yi ta bunƙasa har mambobinta suka kai kimanin miliyan guda a cikin shekarun yaƙin. Daga watan Satumba na 1940 zuwa watan Mayu na 1941 jiragen Jamus suka yi ta luguden bama-bamai a kan Landan da sauran manyan birane. Fararen hula fiye da 40,000 suka halaka, gidaje ba iyaka suka rushe, wanda ya tsira da ransa kuwa sau da yawa ba murhu ba tukunya. Matan WVS suka riƙa dafa abinci suna loda shi a motoci suna bin unguwannin da aka rusa, suna ciyar da waɗanda suka rasa muhalli da masu aikin tono mutane daga ƙarƙashin ɓaraguzan gini.

To amma akwai waɗanda ko an girka tukunya a bakin titinsu ba su iya fitowa su karɓa, wato tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ɗiyansu maza suna fagen daga, matan kuma suna aiki a masana'antu. A shekara ta 1943, a gundumar Hertfordshire da ke arewa da Landan, matan ƙungiyar suka fara kai wa irin waɗannan abinci har gida. Lokaci ne da man mota sai da takardar rabo ake samunsa, saboda haka a wurare da dama cikin tsofaffin kekunan tura jarirai aka riƙa jera kwanonin, a kewaye su da ciyawa, wani lokaci har da tsofaffin huluna, don kada abincin ya huce a hanya.

Yaƙi ya ƙare a 1945, buƙatar kuwa ba ta ƙare ba. Tsoho mai zaman kaɗaici yana nan ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya. Aikin ya ci gaba yana yaɗuwa gari-gari, daga baya hukumomin garuruwa suka shiga ciki da kuɗinsu, ƴan sa-kai suna riƙe da kaiwa. Ita kuwa ƙungiyar da ta fara, tana nan har yanzu, kuma tun 2013 sunanta Royal Voluntary Service.

Matar da ke kan keken guragu

A Ostireliya, wadda ta kafa aikin a jahar kudancin ƙasar mace ce da ita kanta ba ta iya taka ƙasa. Sunanta Doris Taylor, an haife ta a 1901 a birnin Adelaide. Tun tana yarinya ta yi faɗuwar da ta taɓa mata ƙashin baya, ta ƙare rayuwarta a kan keken guragu. Wannan bai hana ta shiga hidimar jama'a ba. Lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 tana cikin masu shirya ciyar da ƴaƴan marasa aikin yi, daga baya kuma ta zama sananniya a harkar siyasar unguwarsu.

Abin da ya dame ta shi ne yadda ake kwasar tsofaffi daga gidajensu ana kai su asibitoci da gidajen ajiye tsofaffi, alhali da yawansu rashin cin abinci mai kyau ne ya kayar da su. Tsoho ya kasa girki, ya koma shayi da burodi safe da yamma, ƙarfinsa ya ragu, hankalinsa ya fara rikicewa, sai a ce tsufa ne ya ci ƙarfinsa. A ganinta, in aka ba mutum cikakken abinci mai zafi sau ɗaya a yini, zai iya zama cikin ɗakinsa da mutuncinsa shekaru masu yawa.

A 1953 ta kafa ƙungiyar, wani matashin lauya mai suna Don Dunstan ya zama shugabanta na farko, wanda daga baya ya shugabanci gwamnatin jahar. Ran 9 ga watan Agusta na 1954 aka buɗe madafin farko a Port Adelaide, cikin wata rumfar kwano irin ta soja. Mutum takwas kacal aka kai wa abinci a wannan rana. Doris Taylor ta rasu a 1968, bayan ta ga madafai sun yawaita a jahar, kuma aikin da ta dasa yana gudana har yau a hannun dubban ƴan sa-kai.

Abin da bincike ya nuna a Amurka

A wannan shekara ta 1954, cikin watan Janairu, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Margaret Toy ta fara irin wannan aiki a birnin Filadelfiya na Amurka, mafi yawan masu taya ta kuwa ɗaliban lise ne. A watan Maris na 1972 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar da ta shigar da ciyar da tsofaffi cikin kasafin gwamnatin tarayya. Yanzu ƙasar tana da ƙungiyoyi kimanin 5,000 masu wannan aiki, suna hidima ga tsofaffi fiye da miliyan 2 a shekara, da gudummawar gwamnati da ta attajirai da ta waɗanda ake kai wa abincin su kansu.

Da aikin ya girma sai masu lissafi suka kawo shawara mai kama da gaskiya. Suka ce me zai sa a tura mutum kullum, alhali ana iya kai wa tsoho abincin mako guda a daskare, ya ajiye cikin firji, ya riƙa ɗumamawa? Kuɗin mai zai ragu, yawan ƴan sa-kai da ake nema zai ragu. Masu bincike na jami'ar Brown, ƙarƙashin jagorancin Kali Thomas, suka gwada abin, aka fitar da sakamakon a 2015. Sun ɗauki tsofaffi 626 waɗanda ke jiran a shigar da su cikin shirin, suka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ana kai musu abinci kullum, na biyu ana kai musu daskararre sau ɗaya a mako, na uku suka ci gaba da jira. Bayan mako 15 aka sake tambayarsu. Waɗanda ake kai wa kullum su suka fi nuna sauƙi wajen kaɗaici da damuwa, faɗuwa ta ragu a cikinsu, kuma sun fi samun natsuwar cewa za su iya ci gaba da zama a gidajensu. Kashi na farko da na biyu duka sun sami abinci. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yawan ranakun da wani ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi lafiyarsu.

Darasi biyu daga Turai

Faransa ta koyi wannan darasi da tsada. A makonni biyu na farkon watan Agusta na 2003 aka yi zafin da ba a saba gani ba, mutane kimanin 15,000 suka mutu fiye da yadda aka saba a irin wannan lokaci, mafi yawansu tsofaffi da suka haura shekara 75. Da yawa sun cika su kaɗai a ɗakunansu na saman bene, iyalai suna wajen hutu, ba wanda ya leƙa ya ba su ruwa. Ran 3 ga watan Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais kusa da Paris, waɗanda babu ɗan'uwan da ya zo ya neme su, shugaba Jacques Chirac yana tsaye. A shekarar da ta biyo, dokar 30 ga watan Yuni 2004 ta wajabta wa kowane magajin gari ya buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassun da suka nemi a rubuta su, domin a riƙa tuntuɓarsu in zafi ya tsananta. Tun kafin haka, ƙungiyar Petits Frères des Pauvres wadda Armand Marquiset ya kafa a Paris a 1946 ta daɗe tana kai wa tsofaffi abinci da ziyara, takenta kuwa yana sa fure gaba da burodi, ma'ana a fara da girmama mutum kafin a cika masa ciki.

Darasi na biyu daga Ingila ya fito, inda aikin ya samo asali. Da hukumomin garuruwa suka karɓi nauyin, sai rayuwarsa ta rataya a kan kasafinsu. Da aka shiga tsuke bakin aljihu bayan 2010, yana cikin abubuwan da aka fara yankewa, domin doka ba ta tilasta shi ba. A 2014 kimanin kashi biyu cikin uku na hukumomin ƙasar suna da shirin kai abinci gida. A 2023 waɗanda suka rage ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Jama'ar da ta sakar wa hukuma komai, ranar da hukuma ta janye sai ta tarar babu mai ɗauka.

Ciyayya da waɗanda suka fita daga cikinta

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, waɗanda ɗa ke barin uwarsa ita kaɗai a gida. Akwai gaskiya a ciki. A ƙasar Hausa, in aka sauke tukunyar dare, uwargida kan zuba tuwo a langa ta rufe, ta aiki yara gidan maƙwabta, su ma su aiko da nasu, magidanta kuma su fito da kwanoninsu ƙofar gida su ci tare. Akwai kwanon surukai, da na mai jego, da na malam, da na baƙon da ya sauka a unguwa. Kuma yaron da aka aika ba ya dawowa hannu biyu kawai. Da ya shigo za a tambaye shi: «Ka same ta lafiya?» In ya ce ya tarar da Inna kwance ba ta ko taɓa furar rana ba, kafin a yi sallar lisha uwargida ta yafa mayafi ta tafi dubawa. Dokar nan da ƙungiyoyin Turai suka rubuta a takarda, ta cewa sai an ga mutum ido da ido, iyaye mata sun daɗe suna aiki da ita ba tare da sun ba ta suna ba.

Sai dai ciyayya ba-ni-in-ba-ka ce. Tana tafiya daidai tsakanin gidajen da hayaƙi ke tashi a cikinsu. Tsohuwar da ta daina iya daka da tuƙi ba ta da abin mayarwa, kunya ta sa ta fara cewa a bari ta ƙoshi, a hankali kwano ya ɗauke. Bugu da ƙari garuruwa sun faɗaɗa. A sababbin unguwannin Yamai da Maraɗi mutum kan shekara a gidan haya bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba. Ma'aikacin gwamnati ɗan Tawa ana iya tura shi Diffa ko Agadas, iyayensa suna can gida. Samarin Adar sun daɗe suna tafiya Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Legas da Kano, wasu Arlit. Tun daga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 zuwa ƙarancin abinci na 2005 da tsadar shekarun baya-bayan nan, gidaje da yawa sun koma awo da tiya, ana ƙirga bakunan da za su ci kafin a ɗora tukunya.

Ɗa nagari yana aiko da kuɗi ƙarshen wata, yanzu ma cikin ƴan mintoci suke isowa. To amma jikka goma da ke ƙarƙashin matashin kai ba ta zuwa kasuwa, ba ta surfe, ba ta hura wuta. Akwai tsohuwar da ba ta haihu ba, ko ɗiyanta suka riga ta. Akwai wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da makahon da ya tsufa ya rasa ɗan jagora, da tsohon ma'aikacin da ya ajiye aiki a garin da ba nasa ba, abokan zamansa suka watse. Sadakar gari kuwa, yadda aka saba raba ta, tana zuwa ne ga wanda ya iya takowa. Ranar Juma'a ƙofar gidan Alhaji takan cika, kowa ya samu rabonsa, amma wanda ya fi kowa buƙata yana kwance a ɗaki, ko dai ƙafa ta hana shi zuwa ko sutura ta hana shi miƙa hannu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Nijar tana da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kimanin rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ƙasar yara ce, shi ya sa hankalin hukuma da na ƙungiyoyin agaji ya fi karkata ga yara da iyayensu mata, kuma hakan daidai ne. Tsofaffi kaɗan ne, mafi yawansu ba su da fansho, saboda haka mantawa da su ba ta da wuya. Amma wannan ƙaranci nasu shi ne kuma ya sa unguwa guda za ta iya ɗaukar nauyin nata ba tare da jiran kowa ba.

Ga kuma bazara. A farkon watan Afrilu na 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Garuruwan Nijar suna cikin wannan yanki guda, inda zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum a watannin Afrilu da Mayu. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. A irin waɗannan ranaku, wanda ya shigo ya cika randa ya tsaya har aka sha moɗa guda ya yi aikin da ya fi na kwanon tuwo.

Abin da aikin yake bukata

Waɗanda suka daɗe suna wannan hidima a ƙasashen da aka ambata sun bar ƙa'idodi da za su yi amfani a ko'ina. Ta farko ita ce a san su wane ne. Mai unguwa da limamai da ungozoma da shugabannin mata, in suka zauna wuri guda na sa'a ɗaya, za su iya lissafa duk wanda ke kwance a unguwarsu babu mai kula da shi. Ta biyu ita ce a fara da kaɗan, a kuma dawwama. Doris Taylor da mutum takwas ta fara. Kwana uku tabbatattu a mako sun fi alkawarin kullum da za a karya bayan wata guda, domin tsohon da aka saba wa yakan daina neman wata hanya, ranar da ba a zo ba kuwa da yunwa zai kwana. Saboda haka kowane mai kaiwa yana bukatar wanda zai maye gurbinsa ranar da tafiya ko rashin lafiya ta kama shi.

Abincin kansa sai an dubi mai cinsa. Wanda haƙora suka zube, tuwo mai laushi da miya mai yauƙi da kunu da fate sun fi masa nama mai tauri. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, mai ciwon suga kuma a nemi shawarar ma'aikatan gidan likita na unguwa kafin a tsara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba bisa wuta ba kuma ba cikin sanyi ba, mai zafi kuma a riƙe shi sama da digiri 60 har a ci. A ƙasa mai zafi wannan gargaɗi ya fi ƙarfi, kuma gudawar da saurayi zai shanye cikin kwana biyu tana iya kai tsoho kushewa. Kula mai kyau da gajeren zagaye a kan moto ko keke sun wadatar.

Sai batun sutura, wanda in aka yi sakaci da shi aikin duka ya lalace. Ba a ɗaukar hoton mai karɓa, ba a shelar sunansa, ba a zuwa da ayari. Kwano ya shiga a rufe kamar kowane kwanon maƙwabta, mace ta shiga wurin mace, a yi sallama a jira izini, a durƙusa a gaida Baba ko Inna yadda ya kamata. A ƙasashe da yawa ana barin mai karɓa ya biya wani abu kaɗan gwargwadon ƙarfinsa, don ya ji shi mai saye ne. A nan ma, in tsohuwa ta kwance bakin zane ta miƙo goro ko dala biyar, karɓa ya fi mayarwa. Mai kaiwa kuma ya san iyakarsa: shi ba likita ba ne, ba ya ba da magani, ba ya riƙe wa kowa kuɗi, ba ya fitar da sirrin ɗakin da ya shiga. Abin da ya gani na damuwa, kamar kwanon jiya da ba a taɓa ba, ko kumburin ƙafa, ko magana da ta fara rikicewa, ya kai ga shugaban aikin da dangi a ranar.

Ta fuskar kuɗi, ƴan kasuwar ƙasar nan ba su bukatar a koya musu kyauta. Duk watan azumi ana ganin tukwanen kunu da buhunan hatsi da suga da ake rabawa. Abin da ya rage shi ne sauran wata goma sha ɗaya. Buhun gero ko na shinkafa da aka yanka wa wata-wata, aka damƙa wa mata biyu ko uku amintattu masu girki ana biyansu ladan aikinsu, zai ciyar da tsofaffin layi guda ba tare da mai shi ya ji a jikinsa ba. Ma'aikatan gwamnati kuwa suna da abin da aikin ya fi rasawa, wato sanin riƙe rajista da tsara juyi da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yadda kowane mai ba da gudummawa zai iya buɗe littafi ya gani. Ƙafafun kuma na samari da ƴan mata ne. Waɗanda suka yi wayo zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, suna tuna yadda samariya ta riƙa gina azuzuwan makaranta da share gari ta hanyar gayya. Kai kwano gida biyar bai kai ɗaukar tubali wuya ba.

Kafin a kai ga ƙungiya da shugabanni da hatimi, akwai abin da kowane magidanci zai iya yi yau da daddare. Ya lissafa tsofaffin layinsu, ya tuna wanda rabon da a gan shi a masallaci ko bakin kasuwa tun kafin damina, ya tambayi iyalinsa ko akwai wanda ya leƙa ɗakinsa cikin makon nan. In babu, a zuba tuwo a langa a aiki yaro, in ya dawo kuma a tambaye shi yadda ya same shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa kowa ya gama da iyayensa lafiya.